Rabin Faranti

Sai da ya ɗauki hoton farantin kafin ya taɓa cokali.

Auta na tsaye a bakin ƙofar kicin, tsumma a hannunta, tana kallonsa. Tun safe take kan girkin nan. Shinkafa ce da miyar kaza, irin wadda shi da bakinsa ya taɓa cewa ko barci yake aka gifta da ita sai ya farka. Yau Mama ta rufe gidan abincin da wuri, ta sa an shimfiɗa sabuwar leda a teburin kusa da taga, domin yau ne za ta ba shi amsar da ya daɗe yana jira a kan auren 'yarta.

Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana danne-danne a waya.

Ya raba shinkafar biyu da bayan cokali, ya ture rabi gefe.

Ya ɓare fatar kazar ya ajiye a bakin faranti.

Sannan ya yagi tishu ya dangwala a kan miyar, ya tsane man da ke yawo a samanta.

Mama ta ajiye kofin ruwanta a hankali.

"Mai Sanyi, ƙuda ne ya faɗa?"

"A'a, Mama... wallahi ya yi daɗi." Ya waiwayo wajen Auta yana murmushi, gumi na tsattsafo masa a goshi. "Gimbiya, kamar cokali nawa na mai kika zuba?"

Tun Auta na goye Mama ke sayar da abinci a layin nan, ba a taɓa samun wanda ya yi wannan tambayar ba. Ta miƙe, ta ce ita kam ta ƙoshi, maganar da ta kira shi a kai kuma a bar ta tukuna. Ta shige ciki ta bar shi da rabin faranti.

Sana'arsa ce ta ba shi sunan. Gyaran firiji yake yi da na'urar sanyaya ɗaki, kuma firizar gidan abincin ce ta fara kawo shi. Ya gyara ta, ya zauna ya ci faranti uku, washegari ya dawo wai ya zo duba ko tana aiki. Firizar nan an duba ta har ta gaji. Ƙato ne na gaske, in ya zauna kujerar roba har kuka take, sai da Mama ta sayo ta katako musamman dominsa. Auta kuwa ba mai yawan magana ba ce. Abin da bakinta ya kasa faɗa masa, ludayinta ke faɗa. In ta ƙara masa cinya ya san me ake nufi, in ya suɗe faranti ita ma ta samu amsarta.

To yau ga amsa an raba ta biyu.

Auta ta tarar da shi a jikin motarsa ta aiki, yana gyara ɗaurin tsani. Tun kafin ta buɗe baki ya soma bayani. Wai manhaja ce ya saka a waya. Ka ɗauki hoton abinci, ta ƙiyasta maka abin da ke ciki, ta nuna kore in kana kan hanya, ja in ka zarce. Wai tumbi yake son ragewa kafin biki, kada ya cika hoto shi kaɗai a rasa inda za a sa amarya.

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu, ya ba ta wayar ba don ya so ba.

Ga girkinta nan jere, na makonni. Taliyarta, kifinta, soyayyen dankalinta. Ƙarƙashin kowane hoto akwai rubutu, gefen rubutun kuma ɗan ƙaramin hoton wata mace siririya cikin fararen kaya.

Ta gane ta. Sista ce, 'yar kawunsa mai aikin jinya, wadda danginsa suka daɗe suna zolayarsa da ita.

*Mai ya yi yawa, Yaya.*

*Wannan ai kitse ne zalla.*

*Mai girkin nan ba ta tausayinka.*

Ƙarƙashin kek ɗin da ta ɓata yini guda tana yi masa ado kuwa, fuskar dariya kawai aka saka.

Ya ce manhajar tana barin mutum ya sa wani ya riƙa sa masa ido, kuma Sista ce ta saka masa ita tun farko, ita ta san harkar.

"Wato duk abin da na dafa maka," in ji Auta, "sai ya biya ta hannunta kafin ya shiga bakinka."

"Ba haka ba ne, rabin raina..."

"To yaya ne?"

Ya buɗe baki, ya kalli ƙofar da Mama ta shiga, ya rufe.

Ta ɗora masa wayar a kan murfin mota ta juya.

Ba a rufa mako ba Sista ta zo da kanta. Da rana tsaka, gidan abincin cike, ta zauna a kujerar katakon nan ta ce a kawo mata ruwa da yankakken kokwamba. Da Auta ta kawo, ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tsaya a ƙugu, ta yi murmushi. Ta ce ai ta san girkinta tun kafin ta san fuskarta. Ta ce Yaya ya fara faɗawa, wandunansa duk sun yi masa yawa, kullum sai sun yi waya safe da yamma suna lissafi tare.

"Kowa da yadda yake nuna kulawa," ta ce tana goge baki. "Wata da ludayi, wata da ilimi."

Mama na bayan kanta, babu abin da ya wuce kunnenta. Bayan baƙuwar ta fita ta ce wa Auta ta buɗe idonta da kyau, namijin da ya fara auna abincinta, ita ma yana nan tafe da sikeli.

Maganar ta zauna wa Auta a ƙirji. Ta shiga banɗaki ta tsaya gaban madubi, ta kalli damatsanta, ta kalli kumatunta, ta tuna ƙugun Sista. Ta wanke fuska ta fito da shawara.

Da yamma da ya zo, ta cika masa faranti har yana zuba. Ta kawo soyayyen nama, ta kawo kek mai kirim, ta kawo lemo mai sanyi babbar kwalba. Ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Ko wayar, ko ni."

Ya daɗe yana kallon teburin. Ta ga kamar zai yi magana, har ta matso.

Sai ya kife wayar, ya ɗauki cokali.

Ya cinye tas.

Daga ranar komai ya koma daidai, ko kuma haka ta gani. Abu ɗaya ne bai daina ba. In an kawo abinci, sai ya ɗebi kaɗan a ƙaramin faranti, ya jera shi tsaf, ya ɗauki hoto ya tura, sannan ya juye shi cikin babban ya ci duka. Auta ta ga wannan ta yi dariya har da riƙe ciki. Hoto na Sista, faranti nata. Manhaja na ta nuna kore, Sista na ta turo tafi, ita kuma tana ƙara masa cinya. Har Mama ta sauko, ta ce ya turo manyansa ƙarshen wata.

Ta lura yana shan ruwa kamar raƙumi. Ta lura yana yawan tashi zuwa banɗaki, yana mutsuke ido, yana gyangyaɗi a kujera tun bai gama magana ba. Ta ce zafi ne, aiki ne ya yi masa yawa. Ta ƙara masa lemo.

Tana tsaka da yanka albasa wata rana wayarta ta yi ƙara. Lambarsa ce, amma muryar wata mata ce. Ta ce yana ɗaura musu na'ura a ofis jiri ya ɗebe shi, ya faɗo daga saman tsani. Lambar Auta ce ta ƙarshe da ya kira. An wuce da shi asibiti.

Auta ba ta san lokacin da ta jefar da wuƙar ba.

Ita da Mama suka tarar da Sista a barandar asibitin, takardu a hannu, idanunta jajur. Ba ta ko gaishe su ba. Ta ce hannu ne ya karye, wannan mai sauƙi ne. Abin da ya kayar da shi shi ne sugan da ya hau har na'ura ta kusa kasa karantawa, ga hawan jini a kai. Ta ce watanni ke nan likita ya gano ciwon, ya ce ko ya rage jiki ko ciwon ya rage shi. Ta ce ita ta rasa gane yadda waya ke nuna kore jini na nuna ja, sai yau da ya farfaɗo ya faɗa mata gaskiya.

"Kin ci nasara," ta ce wa Auta. "Sai ki zuba ruwa a ƙasa ki sha."

Sannan ta juya wajen Mama, ta sassauta murya, ta zaɓi kalmominta ɗaya bayan ɗaya.

"Ki yi haƙuri, Mama. Shi ya hana a faɗa muku. Wai ya taɓa jin kin rantse ba za ki ba 'yarki mai ciwon suga ba, saboda abin da kika gani a kan marigayi."

Mama ta gyara riƙon jakarta, ta juya, ta bi barandar nan har ta ɓace.

Ciwon da ya kashe Baban Auta ke nan. Tana ƙarama lokacin, abin da ta fi tunawa shi ne ƙofar ɗakin da ake hana ta shiga.

Ta tura ƙofar wannan ɗakin ta shiga.

Yana kwance, hannu a naɗe, ana ƙara masa ruwa. Gadon ya yi masa kaɗan. Da ya gan ta ya yi yunƙurin murmushi, ya ce ta gani ko, an ce ya rage nauyi ya ƙi, tsani ya gaji ya ajiye shi.

"Kana kallona," ta ce a hankali. "Ina zuba maka, kana kallona."

"Gimbiya..."

"Da hannuna. Kullum. Ina murna, ina dariya, ina cewa na kayar da ita... ashe kai nake kayarwa. Kalma ɗaya ta gagare ka?"

Ya juyar da fuska wajen bango. Ya ce ranar da Mama ta yi rantsuwar yana kwance a bayan firiza yana canza wayar lantarki, ita da wata ƙawarta suna hira ba su san yana ji ba. Lokacin lafiyarsa ƙalau, har ya tausaya mata. Da likita ya faɗa masa, abin da ya fara faɗo masa a rai ke nan. Ya yi tunanin in ya rage jiki, sugan ya sauka, sai ya faɗa musu a matsayin labarin da ya wuce.

"Da kika ce ko wayar ko ke," ya ce, "ai ba zaɓi ba ne a wurina."

"Zaɓi ne. Ka zaɓi ka mutu a hannuna ba tare da ka tambaye ni ba."

Ta fita tana kuka, ba ta waiwayo ba duk da ta ji yana kiran sunanta.

A gida ta tarar da Mama a kicin tana kankare tukunyar da tuni ta fita. Ba ta ɗago ba ta ce maganar aure ta mutu, kada a sake tayar mata da ita.

Auta ta ce ai ciwo ba laifi ba ne.

Mama ta ajiye soson ƙarfen. Ta ce wa Auta ta zauna. Abin da aka ɓoye mata tana yarinya, yau za ta ji. Ta ce da ɗan ƙurji ya fara, tsakanin yatsun ƙafa, takalmi ne ya matse shi. Babanta ya ɓoye, ya ce ba komai, har sai da wari ya tona. Aka yanke yatsa. Aka yanke ƙafa. Ta ce ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi, ita ke fitowa ta dafa wa mutane abinci tana murmushi da warin ciwo a hancinta. Ta ce ba ciwon ne ya fi ci mata rai ba, ɓoyon ne. Ga shi kuma wannan tun ba a je ko'ina ba ya nuna gwani ne a ɓoyo.

"Ban haife ki don ki gaje ni a wannan ba, Auta."

Auta ta san babu ƙarya a ciki ko ɗaya.

Aka sallame shi. Kawunsa ya ɗauke shi zuwa gidansa wai don a kula da shi, kuma kowa ya san wace ce mai kulawar. Labari ya iso gidan abincin cewa dangi sun taru sun ce Allah ne ya haɗa, mara lafiya da ma'aikaciyar jinya, me ya rage? Auta ta ji, ta ƙona miya tukunya guda.

Sai ga saƙo a wayarta. Gayyata ce daga manhajar, wai wani yana son ta zama mai sa masa ido. Ƙasa ya rubuta cewa ya cire Sista, ya koma ɗakinsa, ya faɗa wa kawunsa a bar maganar. In ta karɓa za ta ga komai, har awon jininsa na kowace safiya, ja ko kore. In ba ta karɓa ba, gurbin zai zauna babu kowa.

Ta yi kwanaki tana kallon saƙon. Ranar da ta danna, abin da ta fara gani ya sa ta tsaki da hawaye lokaci guda: dafaffen ƙwai biyu da kabeji ɗanye, an yanka shi da hannu ɗaya kamar an sare shi da gatari. Washegari ma haka. Ranar da ya kasa, ya sayi biskit a hanya ya ci, shi ma ya saka, allon ya yi ja, bai goge ba.

Ba ta rubuta masa komai ba. Ta raka shi wajen likita dai, ta zauna ta yi tambayoyi har likitan ya ce ko ita ce mara lafiyar. Ta koyi gasa kifi ba mai, ta koyi yadda miya ke daɗi ba tare da ta yi iyo ba. Ta bar Mama na ganin komai, ba ta ɓoye kular abincin da take aika masa ba.

Sannan wata safiya, kafin a buɗe wa masu cin abinci, ta tsaya gaban mahaifiyarta. Ta ce ba za ta yi aure ba da yardarta ba, wannan alkawari ne. Amma kuma kada a kawo mata wani, domin ba za ta duba ba. Ta ce Baba ɓoyewa ya yi har ƙarshe, wannan ya ɓoye ya faɗo, ya tashi ya daina. Yana waje, in an yarda ya shigo.

Mama ta ci gaba da tsince shinkafa kamar ba ta ji ba. Can ta ce ya shigo.

Ya shigo, hannu rataye a wuya, riga na lilo a jikinsa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya soma ba da haƙuri. Ta katse shi.

"Zauna. Cire takalminka."

Ya kalli Auta. Auta ta kalli Mama.

"Mama, ai... da kunya..."

"Kunyar ce ta kai wani kabari. Cire, har safa."

Ya cire, gumi na zuba. Mama ta jawo ƙaramar kujera ta zauna a gabansa, ta sa tabarau, ta ɗora ƙatuwar ƙafar nan a kan gwiwarta. Ta buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta duba dunduniya. Ta danna tafin ƙafar da farce ta tambaye shi ko ya ji, ya ce ya ji. Ta sake dannawa wani wurin, ya ce nan ma ya ji. Ta karɓi ɗayar ta yi mata haka. Hannunta ya san aikin, bai manta komai ba.

Ta sauke ƙafar. Ta ɗauki takalmin ta leƙa cikinsa, ta ce ya matse, ya jefar da shi ya sayi mai faɗi. Ta ce kowace rana ta Allah sai an duba ƙafar nan, ita za ta koya wa Auta yadda ake yi. Ta ce ranar da ta ji ya ɓoye wa 'yarta ko da ƙurji ne kamar ƙwayar gero, da kanta za ta zo ta tafi da ita.

"Ka turo su," ta ce. "Ban ce ina murna ba. Na ce ka turo su."

Ta miƙe ta shige sito ta ja ƙofa.

Daga bayan ƙofar, tsakanin buhunan shinkafa, wani sauti ya fara fitowa ƙasa-ƙasa, irin kukan da aka daɗe ana riƙewa.

Mai Sanyi na zaune ƙafa ba takalmi, idanunsa sun cika.

"Gimbiya," ya ce da raɗa, "in kin ga abin ya fi ƙarfinki, har yanzu kina iya..."

"Yi shiru," ta ce. "Na ji komai, na ga komai, kuma ina nan."

Ta share fuskarta da bayan hannu, ta bar shi nan zaune, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar siton a hankali.

"Mama, ni ce. Buɗe mini."